JINYAR MAI CIWON HANJI NA DINDINDIN
Darasi domin Hakimai da Malamansu na ƙasashen Gusau, Tsafe da Bungudu

An rubuta wannan darasi ne domin a bayyana muku wani ciwo wanda ba a saba jin sunansa a ƙasarmu ba, ko da ya ke alamunsa ba baƙi ba ne gare ku. Kowane Hakimi ya taɓa ganin saurayi ko budurwa da zawo ya ƙi tsaya masa wata da watanni, ya rame, an sha jiƙo an sha rubutu, ya ɗan murmure, sa'an nan abin ya komo. Galibin irin waɗannan suna fama ne da atuni, ko tsutsar ciki, ko tarin fuka da ya sauka hanji. Amma akwai kaɗan daga cikinsu waɗanda ciwonsu dabam ne, likitoci suna kiransa ciwon Kuron. A takardar asibiti za ku ga an rubuta shi Crohn. Ya kamata kowane malamin Hakimi ya riƙe wannan rubutu, gama shi za a riƙa kawo wa takardar ya karanta.

Abin da mu ke so ku ɗauka daga darasin abu guda ne. Wannan ciwo ba a warkar da shi baki ɗaya, amma ana kwantar da shi, har mai shi ya yi noma, ya yi aure, ya haifu, ya tsufa. Aikin likita rabi ne, sauran rabin yana hannun mutanen gida. Mutanen gida kuwa maganar shugabanninsu su ke ji.

ASALIN SUNAN

A shekarar 1932 wasu likitoci uku na asibitin Mount Sinai a birnin New York ta Amurka, watau Burrill Crohn, da Leon Ginzburg, da Gordon Oppenheimer, suka buga bayanin wani kumburi da su ke gani a ƙarshen ƙaramin hanji, wanda ya yi kama da na tarin fuka amma ba shi ba ne. Sunan na farkonsu ya bi ciwon. Tun kafin su, a 1913, wani likitan fiɗa na Glasgow mai suna Dalziel ya riga ya bayyana irinsa. Ciwon bai san mai mulki ba, bai san talaka ba. A 1956 an yi wa Shugaban Amurka Eisenhower fiɗa saboda shi, ya tashi, aka sake zaɓensa a wannan shekara, ya cika wa'adinsa.

Da can ana ɗaukarsa ciwon Turai da Amurka. Yanzu ana samunsa a Asiya da Afirka, har da asibitocin koyarwa na Nijeriya. Har wa yau ba shi da yawa a wurinmu, don haka kada a ce duk mai zawo shi ke gare shi.

YADDA CIWON YA KE

Allah ya yi wa jikin ɗan Adam dakaru cikin jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, su ne a ke kira garkuwar jiki. A jikin mai ciwon Kuron sai dakarun nan su ruɗe, su faɗa wa bangon hanjinsa, kamar dogaran da suka juya wa gidan ubangidansu. Bangon ya kumbura, ya yi gyambo, in ya warke ya bar tabo, tabon ya matse hanya. Yana iya kama ko'ina tun daga baki har dubura, amma ya fi son mahaɗar ƙaramin hanji da babba, wajen ƙasan ciki ta hannun dama. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 da 35, watau daidai lokacin ƙarfin mutum.

Alamunsa su ne zawo mai daɗewa, wani lokaci da jini ko majina, murɗar ciki, musamman bayan cin abinci, rama, kasala da ƙarancin jini, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, gyambon baki, ciwon gaɓoɓi da jan ido. Sau da yawa maruru kan fito a gefen dubura ya fashe, ya bar ƙofa mai yoyon mugunya. In yaro ne, sai a ga tsaransa sun wuce shi tsawo, balagarsa ta yi jinkiri.

Akwai abu huɗu da ya wajaba ku sanar da jama'a:

1. Ba a ɗaukarsa. Cin abinci ƙwarya ɗaya, ko kwana ɗaki ɗaya, ko zaman aure, ba su sa wani ya kamu.
2. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba kuwa laifin mai girki ba ne.
3. Ya kan bi jini a wasu gidaje, amma galibin 'ya'yan masu shi ba su kamuwa.
4. Ɗabi'arsa ita ce ya kwanta ya tashi. Kwanciyarsa ba warkewa ba ce, tashinsa kuma ba hannun kowa ba ne.

CIWACE-CIWACEN DA SU KE KAMA DA SHI

A nan ne a ke yawan ɓata. A ƙasar Hausa duk abin da ya taɓa dubura sai a ce basir ne, sai a nufi mai tallar magani a kasuwa ranar da ta ke ci. Basir na gaske ba ya ramar da mutum, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya sa zawo na wata uku. Mafi muni shi ne a kai mai maruru ko yoyo wurin wanzami ya tsaga, gama mikin mai ciwon Kuron ba ya saurin haɗewa, kuma in aka yanke naman da ke riƙe bayan gida, mutum ya shiga wahalar da ta fi ta farko.

Na biyu shi ne tarin fuka na hanji. Shi da ciwon Kuron wuri ɗaya su ke kamawa, alamu ɗaya su ke nunawa, har likitoci ƙwararru su kan sha wuya kafin su rabe su. Rabewar kuwa ita ce rai. Tarin fuka ana warkar da shi sarai da magani na wata 6, wanda a ke bayarwa kyauta a asibitocin Gwamnati. Maganin Kuron kuwa aikinsa shi ne sassauta garkuwar jiki, in aka ba mai tarin fuka shi kaɗai, sai cutar ta bazu. Saboda haka a ƙasa irin tamu, inda tarin fuka ya yawaita, in likita ya yi shakka ya kan fara da maganin tarin fuka na wata biyu ko uku, sa'an nan ya sake dubawa. In kun ji dangi suna gunaguni wai likita bai san abin da ya ke yi ba, ku fahimtar da su hikimar.

Na uku, mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe yara ɗaruruwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ita ma tana kawo murɗar ciki da ƙarancin jini. In maras lafiya yana aikin dakan dutsen zinariya, ko ana yi a gidansu, a faɗa wa likita tun ranar farko.

HANYAR ASIBITI

Duk wanda zawo ko ciwon ciki ya wuce masa mako huɗu, yana kuwa ramewa, a kai shi babban asibitin da ke kusa, na Tsafe ko na Bungudu, a gwada jini da bayan gida da majinar ƙirji. In an yi maganin abin da aka gani bai ji sauƙi ba, a nemi takardar turawa zuwa Gusau, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Ba a tabbatar da ciwon Kuron sai an leƙa cikin hanji da wata siririyar na'ura mai kama da tiyo, mai fitila da ido a bakinta, an kuma tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero an duba shi a madubin likita. In aka ce sai an je gaba domin wannan, to, asibitocin koyarwa ne, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ta Zariya, ko na Malam Aminu Kano a Kano.

Tafiya ce mai cin kuɗi, hanyoyinmu kuwa kun fi kowa sanin halin da su ke ciki. Don haka a shirya ta da kyau: a san ranar da likitan hanji ke zama, a tafi da rana, a haɗa dukan takardun gwaji a jaka guda, kada a je a ce a dawo.

MAGANI DA DOKOKINSA

Sa'ad da ciwon ya tashi, likita ya kan ba da ƙwaya mai suna prednisolone ta 'yan makonni, ta kashe wutar kumburin. Bayan haka ya kan ɗora mutum a kan wani magani na dogon lokaci, kamar azathioprine ko methotrexate, wanda ke bukatar gwajin jini a kai a kai. Akwai kuma allurai na zamani, irin su infliximab, wadda aka amince a riƙa ba masu wannan ciwo a Amurka a 1998. Suna da ƙarfi, amma suna da tsada ƙwarai. Masu ciwon da yawa wata rana sai an yi musu fiɗa an yanke wurin da ya toshe. Fiɗa tana kawo sauƙi mai yawa, amma ba ta tumɓuke ciwon, don haka ba a barin zuwa asibiti bayanta.

Ga dokokin da mai jinya zai tsare:

1. Kada a bar magani don an ji sauƙi. Sauƙin nan aikin maganin ne.
2. Kada a riƙa sayen prednisolone a kemis ana sha ba da likita ba. Tana sa kumatu su ciko har a zaci ƙiba ce, alhali tana cin ƙashi, tana kawo ciwon sukari da hawan jini. Wanda ya daɗe yana shanta kuma, ba a yanke masa ita rana ɗaya, sai a hankali bisa umarnin likita.
3. A nisanci ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma ke sha bayan an taso daga gona, gama suna tayar da ciwon. Paracetamol ya fi lafiya.
4. A bar taba sigari. Wannan tabbatacce ne: mai ciwon Kuron da ke shan taba ya fi yawan kwanciya, ya fi yawan shiga fiɗa.
5. A guji jiƙon wankin ciki. Hanjin da ke da gyambo ba ya bukatar a ƙara masa gudu.
6. Mace mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun da wuri. Methotrexate tana lahanta ɗan tayi. An fi so ciki ya shiga lokacin da ciwon ke kwance.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, ga amai kore, jini mai yawa, zazzaɓi mai zafi tare da ciwon ciki mai tsanani, idanu su faɗa, fitsari ya ɗauke, ko a ga bayan gida yana fita ta inda bai saba ba. Duk Dagacin da aka buga wa ƙofa da ɗayan waɗannan, mota zai nema.

ABINCI

Ba abinci ke kawo ciwon ba, ba kuwa abinci ke warkar da shi ba, amma yunwa tana kashe mai shi. Kuskuren da a ke yi shi ne kowane mai zuwa gaisuwa ya hana wani abu, wannan ya ce ban da nama, wancan ya ce ban da mai, har a bar mutum da koko tsura. Maras lafiya yana bukatar abin gina jiki fiye da mai lafiya.

Lokacin da ciwon ya tashi, a ba shi kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini: kunu da aka tace, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka marar yaji, dafaffen ƙwai, kifi, naman kaza, dankali, kabewa, ayaba. A jinkirta masa abin da ke da ƙaiƙayi ko zare, kamar aya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, goriba, kwaɗon rama da na zogale, da wake mai ɓawo, tun ba ma in likita ya ce hanji ya matse ba. Nono kuwa wani yana ɗauka, wani ba ya ɗauka, sai a gwada a gani. In ciwon ya kwanta, a komar da abinci ɗaya bayan ɗaya. In zawo ya yi yawa a dama masa ruwan gishiri da sukari, ko na ƙunshi da a ke samu a ɗakin magani, ko na gida: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ruwan shansa a tafasa, gama maganin da ya ke sha yana rage masa ƙarfin yaƙi da cutar ruwa.

MUTUNCI

Abin da ya fi ci wa masu wannan ciwo rai shi ne kunya. Mutumin da zai zaga sau goma a yini, wani lokaci ma ba ya kaiwa, shi ne za ku ga ya bar zuwa masallaci, ya bar majalisa, ya bar kasuwa. Sai gida su sauƙaƙa masa. A ba shi ɗaki kusa da masai, a ajiye buta da sabulu da fitila kullum, a tanadar masa tufafin canji ba tare da an yi magana ba. A kwaɓi yara kada su yi masa dariya. In ya ce ya gaji, ya gaji ne, ko da fuskarsa ba ta nuna ba. Wanda fiɗa ta sa aka fitar masa da hanji ta gefen ciki aka manna jaka, sirrinsa ne, ba abin faɗa a bakin rijiya ba.

Addini ya yi wa maras lafiya rangwame a kan azumi, akwai kuma hukuncin alwala ga wanda abu ke zubo masa ba da sonsa ba. A kai shi wurin Liman ya ji daga bakin masani, kada ya cuci kansa ko ya bar salla don jin ƙyamar jikinsa. Addu'a kuwa ba ta hana magani, magani bai hana addu'a ba.

Kada kuma a manta da mai jinya. Galibi mace guda ce, uwa ko mata, ita ce wanki, ita ce girki dabam, ita ce tashin dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwanaki tsakanin dangi, a ba ta hutu ta je ganin gida.

MISALI A GABAN HAKIMI

Mu ɗauka an kawo ƙara daga wani ƙauye na ƙasar Bungudu. Saurayi ɗan shekara 24, aurensa bai cika shekara biyu ba, ya rame, ya kasa noma daminar bana. Surukansa sun zo ɗaukar 'yarsu, wai kada ta kwasa. Uwarsa ta ce kishiyarta ce ta yi masa sammu, gama duk sa'ad da ya ji sauƙi sai abin ya komo. Ubansa ya riga ya sayar da saniya wurin masu magani, yanzu yana cewa ragwanci ne.

Me Hakimi zai yi? Da fari ya sallami 'yan kallo, gama zancen bayan gida ba na zaure cike ba ne. Na biyu, ya hana kiran sunan kowa da sammu ko maita, ya faɗa a fili cewa akwai ciwon da halinsa ke nan, ya kwanta ya tashi. Na uku, ya nemi surukai su dakata har a ji ta bakin likita. In tarin fuka ne akwai magani, in Kuron ne ba a ɗauka. Raba aure ba aikinsa ba ne, na Alƙali ne, amma sau da yawa kalma guda ta Hakimi ta kan hana magana kaiwa can. Na huɗu, ya tara dangi a yanka wa kowa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, gama guzurin wannan tafiya ba na rana ɗaya ba ne. Gara kaɗan mai ɗorewa da a sayar da gona a cinye cikin wata biyu. Na biyar, ya sa Mai Unguwa ya kira gayya a nome gonar yaron, a kuma ɗauke masa aikin gari mai nauyi har ya miƙe.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Alƙalami yana da nasa taimako. Malamin Hakimi ya sa a sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ya ja masa layi, ya koya wa wani mai karatu a gidan yadda zai cika shi, da boko ko da ajami. A rubuta kwanan wata, sau nawa aka zaga, da jini ko babu, abin da aka ci, maganin da aka sha, da nauyin jiki duk wata in an sami ma'auni. A bangon littafin a rubuta sunan ciwon da sunayen magunguna yadda su ke a takarda, da ranar komawa asibiti. Likitan da ke da mutum hamsin a bakin ƙofa ba shi da lokacin dogon labari, amma shafi guda zai gaya masa abin da ya faru cikin wata uku.

Haka kuma shi zai rubuta wa shugaban makaranta, in ɗalibi ne, a bar shi ya fita zagawa ba sai ya nemi izini ba, kada kuma a kore shi don fashi. In ma'aikaci ne, a rubuta wa shugabansa tare da takardar likita. A 2022 an kafa sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, sai malamin Hakimi ya bincika a Gusau yadda a ke shiga da abin da ta ke ɗauka, ya bayyana wa iyalin. Duk abin da ya karanta a takardar maras lafiya amana ce, ba ya wuce shi da Hakimi.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Faɗi abu uku da ke raba ciwon Kuron da basir.
2. Don me likita kan fara da maganin tarin fuka wani lokaci?
3. Waɗanne ƙwayoyi ne mai wannan ciwo zai nisanta?
4. Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?
5. Me za a rubuta a littafin maras lafiya?

Muna roƙon Hakimai su sa a karanta wannan darasi ranar da Dagatai da Masu Unguwanni suka taru, a kira malamin asibiti na gunduma ya amsa abin da ya shige duhu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da nisan kwana, amin.